Fagon, likitan Sarki Luwi na 14: gwani ne ko shi ya ƙarar da gidan sarauta?

Malam Sabo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ina so mu leƙa fadar Faransa, mu duba wani mutum mai suna Guy-Crescent Fagon. Shi ne babban likitan Sarki Luwi na 14 daga 1693 har sarkin ya mutu a 1715. An haife shi a Faris a 1638, shekara ɗaya da sarkin, kuma a cikin lambun magunguna na sarki aka yanke masa cibiya, domin Guy de La Brosse da ya kafa lambun baffan mahaifiyarsa ne. Ya tashi cikin ganyaye da saiwoyi, ya yi karatun likita, ya yi ta hawa har ya zama yana cikin waɗanda ke fara shiga ɗakin barcin sarki kowace safiya. To amma a hannunsa sarauniya ta mutu a 1683, lokacin yana likitanta. Yana kan kujerar ne masu jiran gado uku suka mutu cikin ƙasa da shekara guda. Kuma shi ne ya kalli ƙafar sarki ta fara ruɓewa ya ce ciwon jijiya ne. Laifinsa ne ko na zamaninsa?

Kawu Iliya: Wa alaikumus salam. Malam ai ka gama shari'ar tun a tambaya. Likitan da ya binne sarauniya da magada uku da sarki, me ya rage? Sai dai mu tambaya ko akwai wanda ya tsira.

Malam Sabo: Akwai yaro ɗaya, Kawu, kuma yadda ya tsira ba zai yi wa masoyan Fagon daɗi ba. Za mu zo wurin.

Likita Bashir: Allah ya gafarta Malam, kafin Kawu ya rataye mutumin bari a ji ta bakin lauyansa. A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini zagayawa yake yi a jiki, zuciya ce ke tura shi. Makarantar likitoci ta Faris ta ce atafau ba ta san zancen ba. Manyanta irin su Jean Riolan da Guy Patin sun shekara da shekaru suna yi wa maganar ba'a. A cikin wannan makarantar Fagon, yana ɗan shekara 25, ya tsaya a 1663 ya kare cewa Harvey ne mai gaskiya. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamansa ranar jarrabawar fita ya san irin ƙarfin halin da wannan ke buƙata. Sai da aka ƙara kusan shekara goma kafin sarki da kansa ya ba da umarni a riƙa koyar da zagayawar jini a lambun nan, ta bakin likitan fiɗa Pierre Dionis. Ban da haka, tun yana saurayi ya bi duwatsun Auvergne da Alps da Pyrenees da kuɗin aljihunsa yana tono tsirrai yana kawowa lambun. Kundin da aka fitar a 1665 ya lissafa tsirrai sama da 4,000, kuma da hannunsa dumu-dumu a aikin. Wannan ba boka ba ne.

Ummi Famasi: Likita ni abin da ya ɗaure min kai ke nan. In ya san jini zagayawa yake yi, kuma adadinsa a jiki ƙayyadadde ne, don me zai ci gaba da tsaga jijiyar mara lafiya yana tsiyayar masa da shi a kwano?

Likita Bashir: Tambaya mai kyau, ƙanwata. Sanin yadda jini ke tafiya daban, sanin abin da ke kawo cuta daban. Na farkon sun fara ganewa, na biyun sai a ƙarni na 19 da zuwan su Pasteur, masu binciken ƙwayoyin cuta. A zamanin Fagon ana kan koyarwar Jalinusu, likitan Girkawa na dā, wadda Ibn Sina ya tsara ta da kyau har Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta shi a jami'o'insu: jiki ruwa huɗu ne, jini da majina da safra da sauda (wato ruwan matsarmama rawaya da baƙi), cuta kuma rinjayen ɗaya ne a kan sauran ko lalacewarsa. In ka yarda da haka, magani a bayyane yake, ka fitar da abin da ya yi yawa. Shi ya sa makamansu uku ne: a zubar da jini, a ba da maganin wankin ciki, a ɗura ruwa ta ƙasa. In abu ya ci tura a ƙara da maganin amai. Ba mugunta ba ce, lissafi ne da ya tashi daga tushen da bai inganta ba.

Anti Rabi: Lissafin nan ne ya kai sarauniya Marie-Thérèse kabari tana da shekara 44. Ƙurji ne ya fito mata a hammata. Ni da na yi aikin jinya har na yi ritaya na san abin da ake yi wa ƙurjin da ya nuna: a tsaga, a matse mugunya, a wanke. Su kuwa suka tsaga mata jijiyar ƙafa, suka ɗura mata maganin amai. Ƙurjin ya fashe ta ciki, ranar 30 ga Yuli 1683 ta ce ga garinku nan. An ruwaito likitan fiɗarta ya nuna bai yarda ba, aka tilasta shi. Ku riƙe wannan, domin za ku sake ganin irinsa: na ƙasa ya ga daidai, na sama ya ƙi ji.

Kawu Iliya: Kuma bayan wannan aka ƙara masa girma? Lallai fada ba ta da kunya.

Ɗan Damagaram: Kawu ranka ya daɗe, a fadar Versailles ba yawan waɗanda ka warkar ake dubawa ba, wanda ya tsaya maka ake dubawa. Bari in kawo yadda kujerar ta faɗo hannunsa. Kafin shi akwai Antoine d'Aquin, ɗan gaban goshin Madam de Montespan, farkar sarki. 'Ya'yan da sarki ya haifa da ita an ba wata bazawara rainonsu, wadda daga baya aka sani da Madam de Maintenon. Babban yaron, Duc du Maine, yana da larurar ƙafa, Fagon ne ke duba shi, nan suka saba da mai rainon har ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sai duniya ta juya: tauraruwar Montespan ta dushe, sarauniya ta mutu, sarki ya auri mai rainon a ɓoye. Shi kuma d'Aquin ga kwaɗayi, kullum da ƙoƙon bara, yau ya roƙa wa ɗan'uwa muƙami gobe ya roƙa wa ɗa. Da ya nemi a ba ɗansa kujerar babban bishop na Tours sai tura ta kai bango. Saint-Simon, wani basarake da ya rubuta abin da ya gani a fadar, ya ce daren ranar sarki ya yi ta jan d'Aquin da hira fiye da kullum. Gari na wayewa, 2 ga Nuwamba 1693, aka aiko masa ya tattara ya bar fada. A ranar aka naɗa Fagon.

Ummi Famasi: Kai! A yi maka dariya da dare a kore ka da safe.

Ɗan Damagaram: Abin dariyar ma na gaba. Shi Fagon ɗin, ɗansa ɗaya ya zama bishop na Lombez, daga baya na Vannes, ɗayan kuma ya zama babban jami'in kuɗi na gwamnati. Abin da aka kori wani a kansa, wani ya samu ba tare da ya ɗaga murya ba.

Malam Sabo: Gaskiya ne, amma kada mu yi tuya mu manta da albasa. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun shaide shi da cewa da ya hau kujerar ya yafe wasu kuɗaɗen da magabatansa ke karɓa daga masu neman muƙaman koyarwa da makamantansu. Ya rage wa kansa kuɗin shiga da hannunsa, a fadar da kusan kowane muƙami na sayarwa ne. Kuma ku san aikin ba duba sarki kaɗai ba ne. Babban likita shi ke saman duk likitocin fada da masu haɗa magani, shi ke kula da maɓuɓɓugan ruwan magani na ƙasar, maganarsa na da nauyi kan wanda zai yi aikin likita a Faris. A 1694 ya sa aka rushe ƙungiyar likitocin da suka yi karatu a wasu garuruwa suna aiki a Faris, don makarantarsa ta ci kasuwarta ita kaɗai. A 1707 kuma aka fitar da dokar Marly da ta tsara karatun likita a duk Faransa, da hannunsa a ciki. Na farkon son kai ne, na biyun gyara ne. Mutum ɗaya ya yi su.

Ɗan Wanzamai: Ni dai ina gefe ina jira a zo kan 'yan'uwana. Jama'a ku sani, likita irin Fagon ba ya riƙe aska. Shi mai Latin ne da doguwar riga, ya taɓa jijiyar hannu, ya duba fitsari, ya ba da umarni. Masu tsagawa da ɗinki da cire haƙori a ƙungiya ɗaya suke da masu aski, kamar dai yadda wanzami a wurinmu shi ke aski shi ke ƙaho shi ke kaciya, kuma masu doguwar rigar kallon 'yan aikin hannu suke yi musu. To a 1686 sarki ya yi ƙurji a dubura, ya huda ya zama yoyo. Likitoci suka yi wata da watanni suna shafe-shafe da gwajin ruwan magani, shiru. Charles-François Félix, babban likitan fiɗa na sarki, shi ne ya ce sai an yanka. Bai taɓa yin irin aikin ba, don haka ya yi ta gwada hannu a kan talakawa masu irin ciwon, ya sa aka ƙera masa wata lanƙwasasshiyar aska ta musamman. Ranar 18 ga Nuwamba ya yanka sarki ido biyu, babu allurar barci babu ta kashe zafi. Sarki ya warke. Félix ya samu dukiya da gona da sarauta, har wasu fadawa masu ɗan basir suka riƙa zuwa suna roƙon a yi musu irin aikin da aka yi wa sarki.

Kawu Iliya: Allah ya raba mu da fadanci. A yanka ka a wurin zama don ka yi kama da sarki!

Anti Rabi: Ni talakawan da aka gwada hannu a kansu nake tunani. Su ba wanda ya ba su gona.

Likita Bashir: Anti kin taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi har yau. Amma Ɗan Wanzamai, ka ƙara da cewa shi Fagon da kansa askar ce ta cece shi. A 1701 tsakuwar mafitsara ta kama shi, Georges Mareschal ya yi masa fiɗa ya cire ta, yana da shekara 63, ga asma ga rama ga ƙusumbi. Da Félix ya mutu a 1703 Fagon ya mara wa Mareschal baya ya zama babban likitan fiɗa na sarki. Wato ya san darajar mutumin, ya ɗanɗana gwanintarsa a jikinsa.

Anti Rabi: To shi ya sa laifinsa ya ƙara girma a wurina. Malam ka ba ni dama in kawo 1712.

Malam Sabo: Bismillah, Hajiya.

Anti Rabi: A Afrilun 1711 babban ɗan sarki, yarima mai jiran gado, ya mutu da agana. Gado ya koma kan jikan sarki, Duc de Bourgogne. Fabrairun 1712 ƙyanda ta shigo fada. Matarsa Marie-Adélaïde ta mutu ranar 12 ga wata. Shi ya bi ta ranar 18. Suka bar yara maza biyu, mai shekara biyar da mai shekara biyu, su ma duk suka kamu. Likitoci suka rufu kan babban, tunda shi ne magaji yanzu, suka zubar masa da jini suka ba shi na amai. Ranar 8 ga Maris ya mutu. Suna can kansa, mai rainon ƙaramin, Madam de Ventadour, ta kwashi yaron da masu shayar da shi suka kulle ƙofa. Ta ce ba mai tsaga mata yaro. Ta lulluɓe shi ya ji ɗumi, aka ci gaba da ba shi nono. Shi ne ya rayu, shi ne Luwi na 15 da ya yi mulki har 1774. Matar nan ba ta karanta Jalinusu ba. Ido gare ta, ta ga duk wanda suka taɓa sai a ɗauke shi a makara.

Ummi Famasi: Allah ya ja da ran Anti. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Likita Bashir: Anti ba zan yi jayayya da ke kan cewa zubar da jinin yaro mai zazzaɓi cutarwa ne ba. Amma a yi adalci. Ƙyanda tana kisa ko ba a tsaga kowa ba, a shekarar ta kashe mutane da yawa a Faris waɗanda ba su da kuɗin kiran likita ma. Kuma yaro ɗaya da ya rayu ba hujja ba ce, wataƙila tasa ce ta zo da sauƙi. In za mu kama Fagon, mu kama shi a inda ya saɓa wa abin da ake iya sani a zamaninsa, kada mu kama shi da littafin da aka rubuta bayan ya mutu da shekara ɗari da hamsin.

Ɗan Damagaram: To Likita ga inda za a kama shi, kuma ba sai an jira Pasteur ba. Da aka buɗe gawar Marie-Adélaïde da ta mijinta, Fagon da wani likita Boudin suka ce guba ce. Mareschal ya ce babu wata guba, cuta ce, kuma ya gargaɗe su kan abin da maganar za ta haifar. Haka kuwa aka yi. Gari ya ɗauka cewa ɗan ƙanen sarki, Philippe na Orléans, shi ke kashe magada don ya matso kusa da gado, da yake an san shi da son haɗe-haɗen sinadarai, har yana da ɗakin gwaji tare da wani masanin sinadarai mai suna Homberg. Mutane suka riƙa yi masa ihu a titi. Ka ga in guba ce likita ya fita, ba wanda zai tambaye shi me ya yi wa mara lafiya. An shafa wa wani kashin kaji, su kuma sun wanke hannu.

Likita Bashir: Ba ni da tabbacin da gangan ya yi. Fadar da ta ga shari'ar masu sayar da guba a wajejen 1680, wadda har sunan Montespan ya fito a ciki, ba abin mamaki ba ne in ta ga mutum uku sun faɗi a jere ta ce sammu ne.

Ɗan Damagaram: Na ji, amma Mareschal ma a fadar yake, shi bai faɗa ba.

Ɗan Mai Wurno: Salamu alaikum, gaisuwa daga Sudan. Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da ku, domin labarin mutumin nan ya iso har ƙofar gidanmu. Da ya karɓi ragamar lambun sarki ya riƙa tura masana ƙasashe su tattaro tsirrai: Charles Plumier zuwa tsibiran Amurka, Tournefort zuwa ƙasar Girka da Turkiyya daga 1700 zuwa 1702, Louis Feuillée zuwa Peru da Chile. Akwai kuma wani matashin likita, Augustin Lippi, da ya haɗa da tawagar jakada Lenoir du Roule mai zuwa wurin sarkin Habasha. Suka biyo ta Masar suka hauro kogin Nilu, Lippi na tattara tsirrai yana aika bayaninsu gida. Da suka iso Sinnar, babban birnin daular Funj, zamanin Sarki Badi na 3, aka tsare su, a Nuwamban 1705 aka kashe su. Sinnar ɗin nan ba ta da nisa da garinmu. Akwai dangin tsiro da ake kira Lippia saboda shi, akwai kuma Fagonia, wata 'yar ƙaya mai fitowa a busassun wurare har cikin Sahara, wadda Tournefort ya raɗa wa sunan maigidansa.

Malam Sabo: Madalla da ɗan'uwa na gabas, wannan ƙari ne mai daraja. A lambun nan dai babu mai musun alherinsa. Shi ya jawo Tournefort da Sébastien Vaillant da Antoine de Jussieu, mutanen da ilmin tsirrai na Turai ya ginu a kansu. A zamaninsa aka gina ɗakin gilashi mai ɗumi, inda aka ajiye itacen gahawar da birnin Amsterdam ya ba sarki kyauta a 1714. Lambun na nan har gobe a Faris, tun 1793 ya zama gidan adana tarihin halittu na ƙasa.

Ummi Famasi: Ni ma in saka nawa, tunda an zo fannina. Ɓawon itacen cinchona da ake kawowa daga Peru, wanda a cikinsa Pelletier da Caventou suka tace kwinin a 1820, likitocin Faris da yawa sun ƙi shi da farko. Dalilinsu shi ne ba ya sa amai ba ya sa gudawa, to ta ina yake fitar da cutar? Wani Bature ɗan Ingila, Robert Talbor, ya zo ya yi ta warkar da manyan fada da wani haɗi na sirri, sarki ya sayi sirrin, ashe ɓawon ne a jiƙe cikin giya. Fagon na cikin waɗanda suka rungumi maganin suka yi ta ba da shi, har sarki ya sha. A nan kam ya bi abin da idonsa ya gani, ya bar abin da littafi ya ce. Mu da zazzaɓin cizon sauro ya dama ba za mu raina wannan ba.

Ɗan Damagaram: Har taba ya yaƙa. A 1699 aka gabatar da wata maƙala a ƙarƙashinsa kan cewa yawan ta'ammali da taba na rage kwana. Ana ba da labarin cewa ranar bai samu zuwa ba, sai ya wakilta wani likita, shi kuma wakilin ya zauna yana zagin taba yana ɗura garinta a hanci har aka tashi.

Kawu Iliya: Wannan wakilin na san jikokinsa, suna nan da yawa.

Ɗan Wanzamai: Kuma ba shi ne ya hana sarki giyar Champagne ya mai da shi kan ta Bourgogne ba, wai don ciwon gaɓoɓi?

Ɗan Damagaram: Shi ne, a 1694. Masu gonakin inabin yankunan biyu sun daɗe suna rigima a kan hukuncin.

Kawu Iliya: A'uzu billahi. An raba shi da wata an haɗa shi da wata, an ce magani.

Malam Sabo: To mu zo ƙarshen sarki, don a nan nake ganin amsar tambayata take. Tun wajen farkon bazarar Turai ta 1715 Mareschal ya lura sarki na ramewa, akwai zazzaɓi na cin sa a ciki. Ya gaya wa Fagon, bai saurare shi ba. Ya je wurin Madam de Maintenon, ta fatattake shi, don a wurinta maganar Fagon yankan wuƙa ce. Wajen 10 ga Agusta sarki ya fara kukan ƙafar hagu. Fagon ya ce ciwon jijiyar ƙugu ne mai sauka ƙafa. Aka yi ta ba shi madarar jaka, ana tsoma ƙafar a giya mai ɗumi da ganyaye masu ƙamshi. An kira likitoci daga Faris su duba, suka bi bayan babba. Sai wajen 24 ga wata da aka kwance ƙafar aka ga baƙaƙen tabo, nama ya mutu. Aka tsaga har ƙashi. Lokacin yanke ƙafa ya riga ya wuce. Har wani mai magani daga kudancin ƙasar, Brun, aka bari ya ba sarki wani ruwa, abin da Fagon ya tsana a duniya, sarki ya ɗan farfaɗo kwana guda sannan jiki ya koma. Ranar 1 ga Satumba ya mutu, saura kwana huɗu ya cika 77, bayan shekara 72 a kan gado. Abin lura a wurina: saurayin da ya tsaya gaban dattawa a 1663 ya ce kun yi kuskure, shi ne tsohon da a 1715 ba mai iya ce masa haka.

Likita Bashir: Allah ya gafarta Malam, a matsayina na likita dole in faɗi wannan. Tsoho mai shekara 76, jijiyoyin jinin ƙafa sun toshe, da yawa daga likitocin yanzu ma suna zargin akwai ciwon suga. Ko ranar farko aka gano, abin da ya rage shi ne yanke ƙafa daga cinya, ba allurar barci, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ƙarin jini. Ban ga alamar zai tashi ba. Kuma a lissafa da wannan: mutumin da ya yi agana a 1647, ya kusa mutuwa da zazzaɓi a Calais a 1658, aka fasa masa dasashi wajen cire haƙora a 1685 har ruwa na fitowa ta hanci sai da aka ƙona ramin da jan ƙarfe, ga cin abinci kamar ba gobe, amma ya kai 76. Shekara 22 na ƙarshe a hannun Fagon ya yi su. Kundin lafiyar sarki da manyan likitocinsa Vallot da d'Aquin da Fagon suka rubuta daga 1647 zuwa 1711 yana nan, kowa na iya ganin irin sa idon da aka yi.

Anti Rabi: Likita, ko ba zai tashi ba, sati biyu yana ihun ƙafa ana ce masa jijiya ce. Ba warkewa kaɗai ake bin likita ba, ana bin sa gaskiyar abin da ke faruwa. Kuma ni ban ce ya san ƙwayoyin cuta ba. Cewa na yi sau uku wanda ke tsaye kusa da mara lafiya ya faɗa masa, likitan fiɗar sarauniya, mai rainon yaro, da Mareschal da ya cire masa tsakuwa da hannunsa. Jin maganar na ƙasa ba ya buƙatar na'ura.

Ɗan Damagaram: Ina tare da Anti, sai dai in ƙara cewa kujerar ma da laifinta. Muƙamin babban likita na mutuwa ne tare da sarki. Ranar da sarki ya cika, aikinka ya ƙare. Mutumin da ke wannan hali, kuma ya ga yadda aka yi da d'Aquin cikin dare ɗaya, yaya za a yi ya shiga ya ce ranka ya daɗe ciwon nan ya fi ƙarfina? Shi ma a lokacin tsoho ne tukuf mai shekara 77, da ƙyar yake numfashi. Saint-Simon da ya yabe shi da kaifin basira shi ne kuma ya ce tsufa da taurin kai sun rufe masa ido a kan sarki.

Ummi Famasi: To bayan mutuwar sarkin an hukunta shi ne? Tunda wanda aka yi wa sharrin guba shi ya zama mai riƙon ƙwarya.

Malam Sabo: Ko kaɗan, 'yata. Philippe na Orléans ya karɓi riƙo, an naɗa wa ƙaramin sarki wani likita, Louis Poirier, shi kuma Fagon aka bar masa lambunsa. Can ya koma ya zauna har ya mutu ranar 11 ga Maris 1718. Mareschal ne ya ci gaba da zama babban likitan fiɗa a sabuwar fada, kuma a 1731 shi da wani likitan fiɗa La Peyronie suka kafa makarantar koli ta masu fiɗa. A 1743 aka fitar da dokar da ta raba su da masu aski.

Ɗan Wanzamai: Wato da suka samu shiga sai suka yar da mu a hanya.

Kawu Iliya: Ni dai ban janye ba. Ku ba shi lambar yabo a kan itatuwa, amma da ni ne jikan sarki, ɗakin matar nan mai kulle ƙofa zan nufa.

Likita Bashir: Kawu, in ƙyanda ce na yarda ka je can. In tsakuwar mafitsara ce kuma wa za ka nema?

Kawu Iliya: Mareschal mana. Shi ma ai ba Fagon ba ne.